Daga Abuja Zuwa Ƙasar Waje: Yadda Harajin Gado Ke Bin Adireshin Mutum

Mu da muka baro Abuja muka yi zama a Birtaniya, Amurka, Kanada da sauran ƙasashen Turai, kusan hanya ɗaya muka bi wajen zaɓen gari. Inda asibiti ko jami'a ko kamfani ya ba ka aiki, nan ka sauka. In an samu zaɓi, sai a duba kuɗin haya, makarantar yara, nisan masallacin Juma'a ko coci, da ko akwai 'yan gida a kusa. Da wuya ka ji sabon zuwa ya tambayi abin da hukuma za ta ɗiba daga dukiyarsa ranar da ya rasu. Ba laifinsa ba ne, domin bai taso ya ga ana yi ba.

Najeriya ta taɓa kafa harajin da ke hawa kan dukiyar da ta sauya hannu ta hanyar gado ko kyauta a 1979, aka soke shi a 1996. Da aka kai ƙudurorin gyaran haraji majalisa a ƙarshen 2024, ɗaya daga abubuwan da suka tayar da ƙura a Arewa shi ne zargin an cusa harajin gado a ciki. Gwamnati ta musanta, dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 kuma ba ta zo da shi ba. Abin da muka saba da shi shi ne a kira malami ko a je kotun yanki, a fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, a raba saura. In akwai kuɗi a banki, sai a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Abuja, a biya kuɗin rajista. Shi ke nan.

A ƙasashen da muke zaune lamarin iri biyu ne. Wasu suna haɗa dukiyar mamaci gaba ɗaya su cire nasu kafin a raba, kamar Birtaniya da gwamnatin tarayyar Amurka. Wasu kuma kowane magaji suke bi su caje shi gwargwadon abin da ya samu da kuma kusancinsa da mamacin, kamar Jamus, Faransa, Sifaniya, Beljiyam da wasu jihohin Amurka. Duka biyun an gina su ne a kan iyalin da suka sani, wato miji ɗaya, mace ɗaya, wanda ya rage a cikinsu ya ɗauki kusan komai, in shi ma ya rasu 'ya'ya su gaje shi. Saboda haka rangwamensu mafi tsoka yana kan abokin aure, sannan 'ya'ya. Rabon gadon Musulunci kuwa yana ba matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne, ya ba uwa da uba sudusi-sudusi, in babu ɗa namiji ya kai ga 'yan'uwa da sauran asaba. Ke nan kaso mai yawa na dukiyarmu yana faɗawa daidai wuraren da harajin ya fi cizo. Wannan ne ya sa bambancin jiha da jiha, ko ƙasa da ƙasa, ya fi shafarmu fiye da maƙwabcinmu Bature mai dukiya daidai da tamu.

Mu fara da Birtaniya, don nan ne mafi yawan likitocinmu da ma'aikatan jinya da ɗalibai suka nufa, nan ne kuma dokar ta fi saurin kamo talakan ma'aikaci. Fam 325,000 na farko babu haraji a kansu, kuma adadin bai motsa ba tun 2009 duk da yadda gidaje suka yi tsada. In gidan da mamaci yake zaune a ciki ya tafi ga 'ya'yansa ko jikokinsa, ana ƙara rangwamen da ya kai fam 175,000. Abin da ya haura haka, kashi 40 cikin ɗari na hukuma ne. Abin da ya tafi ga miji ko mata ba a taɓa shi. Harajin ɗaya ne a Ingila, Sikotlan, Wales da Ailan ta Arewa, don haka tashi daga Landan zuwa Gilasgo ba ya rage ko kwabo daga ƙa'idar. Abin da yake sauyawa shi ne farashin gida. Gidan da zai ƙetare iyakar rangwame a Landan, irinsa a Bradford ko Sunderland ba zai kai rabinta ba.

Babban abin da ya sauya mana lissafi ya faru ne ranar 6 ga Afrilun 2025. Kafin nan ana duba inda doka ta ɗauka gidanka na dindindin yake, mutum zai iya daɗewa yana cewa shi baƙo ne, Abuja zai koma. Yanzu shekaru kawai ake ƙirgawa. Duk wanda ya zauna a Birtaniya shekaru goma daga cikin ashirin da suka wuce, dukiyarsa ta duk duniya ta shiga lissafi. Gidanka na Gwarinpa, filinka na Lugbe, shagonka na kasuwar Wuse, gonarka ta hanyar Keffi, duk za a ƙiyasta su da fam a ranar da ka rasu. Najeriya kuma ba ta cikin ƙasashen da suka yi yarjejeniyar harajin gado da Birtaniya.

Ga lissafi don a gani da ido. A ce mutum yana da gida a Manchesta wanda bayan an cire bashin banki ya rage fam 350,000, yana da ajiyar fam 90,000, sannan gida da fili a Abuja da suka kai fam 200,000. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya, iyayensa sun riga shi rasuwa, ya kuma rubuta wasiyyar a raba bisa shari'a. In a shekararsa ta tara ya rasu, fam 440,000 na Birtaniya kawai za a duba, bai kai fam 500,000 na rangwame biyu ba, babu haraji. In a shekara ta goma sha ɗaya ne, jimla ta zama fam 640,000. Tumunin matar, fam 80,000, ya fita. Saura 560,000, a cire 500,000, a caji 60,000 kashi 40, hukuma ta ɗauki fam 24,000. Bai ƙara arziki ba, bai sayi komai ba, shekaru biyu kawai suka ƙaru. In kuma bai bar 'ya'ya ba, matar ta ɗauki rubu'i 'yan'uwansa suka ɗauki saura, rangwamen gida ya faɗi, harajin ya koma fam 62,000.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma muna roƙon 'yan'uwa su ɗauke shi da muhimmanci. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a falo a Ingila ba tare da rajistar hukuma ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Matar da aka aura ta wannan hanya ba ta da rangwamen abokin aure, in kuma babu wasiyya dokar rabon gado ta ƙasar ba ta lissafa ta cikin magada. A misalinmu na farko, harajin zai tashi daga fam 24,000 zuwa 56,000. Auren da aka ɗaura a Najeriya bisa ƙa'idar can, yawanci ana amincewa da shi, amma takarda za a nema. Yawancin aurenmu kuwa shaidu da waliyyai da goro ne shaidarsa. A nemi takardar shaidar aure tun ma'auratan da shaidun suna raye. Mai mata biyu, ɗaya tana tare da shi ɗaya tana Kubwa, shi ya fi kowa bukatar wannan, domin ta gidan ce za ta sha wahalar tabbatar da matsayinta daga nesa. A kuma sani cewa in mijin ya cika shekaru goman nan matar ba ta cika ba, rangwamenta yana tsayawa a fam 325,000, sai in ta zaɓi a lissafa ta kamar wadda ta cika.

Wanda ya rasu a Ingila bai bar wasiyya ba, matarsa ta hukuma za ta ɗauki kayan gida, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai, mace da namiji. Iyayensa ba su da komai. Haraji zai yi sauƙi, amma rabon ya bar shari'a. Haka kuma gidan da miji da mata suka saya da sunansu biyu. Akwai rajistar da ke sa gidan ya koma wa wanda ya rage kai tsaye ba tare da duba wasiyya ba, akwai wadda ke ware wa kowa kasonsa ya shiga gadonsa. Lauyan sayen gida zai tambaye ku a cikin fom, mutane da yawa kuma suna zaɓar ta farkon ba tare da sun san abin da suka sa wa hannu ba. Ana iya sauyawa daga baya, ba ta da tsada.

Lokacin biya shi ma tarko ne. Ana son kuɗin kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, in ya wuce kuɗin ruwa ya fara hawa, kuma yawanci sai an biya wani abu kafin kotu ta ba da izinin taɓa dukiyar. Harajin da ya hau kan gida ana iya rarraba shi shekara goma, da ruwa. Duk wanda ya taɓa sayar da gida a Abuja ya san wata shida ba komai ba ne, musamman in takardar mallaka tana ɗauke da sunan wanda aka fara ba filin, kai kuma takardar wakilci kawai ke hannunka, ba a kai ta AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, ba, ba a samu amincewar ministan Abuja ba. Sai a wayi gari hukumar Birtaniya tana cajin iyali a kan gidan da su kansu ba za su iya tabbatar da nasu ne a Abuja ba.

Masu shirin komawa gida, ko masu tsallakawa Saudiyya, Katar da Dubai inda babu harajin gado, su lura cewa dokar tana bin mutum bayan ya tafi. Wanda ya yi shekara goma zuwa goma sha uku, za ta bi shi shekara uku. Daga nan kowace shekara tana ƙara ɗaya. Mai shekara goma sha biyar za ta bi shi biyar, mai ashirin za ta bi shi goma. Wannan kaɗai ya sa wasu daga cikinmu yanzu suke tsayar da ranar tashi kafin shekara ta goma ta cika, abin da a da ba ya cikin tunanin kowa. An kuma sanar cewa daga Afrilun 2027 kuɗin fanshon da mamaci bai ci ba zai shiga lissafin.

Amurka tata daban. Harajin tarayya ba ya damun ma'aikaci, domin rangwamen ya kai dala miliyan 13.99 a 2025, ya koma miliyan 15 daga 2026. Amma wannan na ɗan ƙasa ne da wanda ya mai da Amurka mazauninsa. Alhajin da ke zaune a Maitama ya saya wa 'ya'yansa gida a Hiyuston, ko matashin da ke sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhajar waya daga Abuja, rangwamensu dala 60,000 ne kacal, abin da ya haura kuma cajinsa yana hawa har kashi 40. Mutane ƙalilan ne suka san wannan.

Ga mazauna, bambancin yana tsakanin jihohi. Jihohi goma sha biyu da birnin Washinton suna cajin dukiyar mamaci. Oregon tana farawa daga dala miliyan ɗaya, Masachusets miliyan biyu, Minesota miliyan uku, Ilinoi miliyan huɗu, Merilan miliyan biyar. Miliyan ɗaya tana da girma a kunne, amma gida da asusun ritaya da inshorar rai in aka haɗa su, likita ko injiniya yana kaiwa. Niyu Yok iyakarta ta haura miliyan bakwai, sai dai in dukiya ta wuce iyakar da fiye da kashi biyar, rangwamen duka yake ɓacewa a caji komai tun daga dalar farko. Jihohi biyar kuma magada suke caja: Fensilbaniya, Niyu Jasi, Merilan, Kentaki da Nebraska. Teksas, Jojiya, Fulorida da Birjiniya ba su da ko ɗaya.

Fensilbaniya ce ta fi nuna yadda abin ke shafarmu, domin ba ta jiran dukiya ta yi yawa. Miji ko mata ba sa biya. 'Ya'yan da suka wuce shekara 21 da iyaye suna biyan kashi 4.5, 'yan'uwa kashi 12, sauran mutane kashi 15. Dala 300,000 in ta je ga manyan 'ya'ya, jiha ta ɗauki 13,500. In ta je ga ƙani ko wa, 36,000. In ɗan ɗan'uwa ne ko ɗan riƙo da aka yi wa wasiyya, 45,000. Riƙon 'ya'yan 'yan'uwa kuwa al'adarmu ce, kuma sulusin wasiyya sau da yawa su ake nufi da shi. A Merilan 'yan'uwa ba sa biya, amma 'ya'yansu suna biyan kashi 10. Mai aiki a Washinton da ke neman gida yana iya zama a Merilan ko ya tsallaka kogin Potomak zuwa Birjiniya, tafiyar da ba ta kai daga Nyanya zuwa Gwagwalada ba, a gefe ɗaya haraji biyu a ɗayan babu. Birjiniya ta soke nata tun 2007.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a tashi a bar gida. Gida da fili jihar da suke cikinta ce ke cajinsu, ko mai su ya koma Teksas shekara goma. Sannan dole tashin ya zama na gaske. Jihar da ka bari za ta duba lasisin tuƙinka, rajistar zaɓenka, likitanka, da inda ka fi kwana. Wanda ya ari adireshin ɗan'uwansa a Dalas ta Teksas alhali rayuwarsa tana Filadelfiya ta Fensilbaniya, magadansa ne za su yi shari'ar. Sannan asusun ritaya da inshorar rai a Amurka suna tafiya ne ga sunan da ka rubuta a fom ɗinsu, wasiyya ba ta isa gare su. Wanda ya rubuta sunan ƙaninsa tun yana gwauro bai sauya ba, ƙanin ne zai karɓa, sai dai inda doka ta kare haƙƙin matar aure.

Kanada ba ta da harajin gado, gwamnatin tarayyarta ta soke nata tun 1972, shi ya sa mutane ke ɗauka babu abin dubawa. Akwai. Ranar da mutum ya rasu, doka tana ɗauka ya sayar da duk kadarorinsa a farashin ranar, a ko'ina suke a duniya, rabin ribar kuma ta shiga harajin kuɗin shigarsa na ƙarshe. Gidan da yake zaune a ciki yana da rangwame, abin da ya koma wa abokin aure mazaunin ƙasar kuma ana ɗage shi. Gidan haya da ke Lokogoma fa? Ribarsa ana auna ta ne daga darajarsa a ranar da ka zama mazaunin Kanada, kuma da dalar Kanada. In ya kai dala 100,000 ranar saukarka, ya kai 160,000 ranar rasuwa, dala 30,000 za a ƙara a kan kuɗin shigarka. Saboda haka kafin a hau jirgi, ko cikin watannin farko, a sa ƙwararren mai ƙiyasta gidaje da ke da rajista ya rubuta darajar kowace kadara da kwanan wata, a ajiye. Bayan shekara ashirin ba wanda zai iya tabbatar da ita. Tsakanin larduna kuma kuɗin da kotu ke karɓa kafin ta ba da izinin taɓa dukiyar mamaci ne ya bambanta. Ontariyo tana karɓar kashi 1.5 na abin da ya haura dala 50,000, wato dala 8,250 a kan dukiyar 600,000. Albata ba ta wuce dala 525 komai yawan dukiyar. Manitoba ta soke nata a 2020. Bambancin bai kai a tashi daga Toronto saboda shi ba.

A nahiyar Turai akwai abin da ke kama mutum ta baya. Can magaji ake caja, don haka ko mahaifinka bai taɓa fita Najeriya ba, in ya rasu ya bar maka kaso a gidansa na Garki kai kuma kana zaune a Hambog, gadon ya shiga ƙarƙashin dokar Jamus, kuma ana son ka sanar da ofishin haraji cikin wata uku. Rangwamen ɗa yuro 400,000 ne, na abokin aure 500,000, don haka yawanci sanarwa ce kawai babu biya. Na ɗan'uwa kuwa 20,000 ne. Wanda ya gaji yuro 70,000 daga wansa zai biya kashi 15 na 50,000, wato 7,500. Jamus ƙa'ida ɗaya take bi a duk jihohinta. Faransa tana ba kowane ɗa yuro 100,000, tana cajin 'yan'uwa kashi 35 zuwa 45, bare kashi 60, kuma gadon waje yana shiga in magajin ya zauna can shekara shida cikin goma. Italiya ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba, kashi 4 ne a kan abin da ya haura yuro miliyan ɗaya ga kowane ɗa.

Sifaniya da Beljiyam su ne inda bambancin yanki ya fi fitowa fili. A Sifaniya ƙa'idar tarayya tana tafiya daga kashi 7.65 zuwa 34, amma kowane yanki yana da ikon yin rangwamensa. Madrid tana yafe kashi 99 na harajin ga abokin aure da 'ya'ya da iyaye. Andalusiya ma haka, bayan rangwamen yuro miliyan ɗaya ga kowane magaji na kusa. Kataloniya da Asturiyas sun fi tsauri. A Beljiyam yankin Filandas yana cajin 'ya'ya kashi 3, 9 ko 27, Burasel da Waloniya suna kaiwa 30, ga bare kuma suna kaiwa 80. Ƙasashen biyu sun toshe hanyar tashin gaggawa: yankin da mamaci ya fi daɗewa a cikinsa a shekaru biyar na ƙarshe shi ke da haƙƙi. Wanda ya bar Barselona ta Kataloniya ya koma Madrid da ciwon ajali ya same shi, bai tsira da komai ba.

To shin da gaske mutane suna tashi saboda wannan? Manyan attajirai da tsofaffi suna yi. A Ostireliya jihar Kwinslan ta soke harajin mutuwa a 1977, sauran jihohi suka ji tsoron tsofaffinsu masu hali za su kwashe zuwa can, suka bi sahu, tarayya ma ta soke nata a 1979. A Amurka masana tattalin arziki Enrico Moretti da Daniel Wilson sun bi diddigin manyan biloniyoyi, suka ga suna barin jihohin da ke da harajin, musamman in shekaru sun ja. A Suwizalan kuma, inda kowace gunduma take da tata dokar, binciken Marius Brülhart da Raphaël Parchet ya nuna gundumomi sun yi ta rige-rigen rage harajin don tsoron hijirar da a zahiri ba ta taka kara ta karya ba. Ra'ayinmu ya yi daidai da wannan. Sabon zuwa mai shekara talatin da biyar kada ya ƙi aiki mai kyau a Filadelfiya saboda kashi 4.5. Albashi, makaranta da jama'ar da za su yi maka jana'iza sun fi wannan nauyi. Lokacin da zancen yake zama na gaske sau uku ne a rayuwar baƙo: ranar sayen gida, shekarar da agogon zama ya kusa cika, da lokacin yanke inda za a yi ritaya.

Hanyar da ta fi dacewa da mu wajen rage nauyin ita ce kyauta tun da rai. A Birtaniya kyautar da mai ita ya rayu shekara bakwai bayan bayar da ita ta fita daga lissafi, kuma akwai fam 3,000 da ake iya bayarwa kowace shekara ba tare da jira ba. Sharaɗin shi ne ka saki abin da gaske. In ka rubuta wa 'ya'ya gidan Gwarinpa amma kai ke karɓar haya, ko kai ke zaune a ciki kyauta, hukuma tana ɗaukarsa naka har ranar rasuwa. A nan dokarsu da fiƙihunmu sun haɗu, domin a Malikiyya kyauta ba ta cika sai an yi hauzi, wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. A sauya suna a AGIS, kuɗin haya ya koma asusun mai shi, a kuma yi adalci tsakanin 'ya'ya. Mai zama a Kanada ya yi hattara, domin can kyautar kadara ma ana ɗaukarta kamar sayarwa, harajin ribar yana faɗowa nan take.

Wasiyya kuma a rubuta ta da lauyan ƙasar da ake zaune, malami yana duba rabon. A yawancin ƙasashen Tarayyar Turai, tun 17 ga Agustan 2015, dokar inda mamaci yake zaune ce ke raba gadonsa, sai in ya rubuta cewa ya zaɓi dokar ƙasarsa ta asali. Zaɓin yana sauya rabo ne kawai, ba ya sauya haraji. A fayyace a cikin wasiyyar daga ina za a cire harajin: daga jimla kafin rabo, ko daga kason kowa. In ba a faɗa ba, a nan rigima ke tashi, domin matar za ta ce nata ba a caje shi ba, 'yan'uwa su ce an rage musu abin da Allah ya ba su. Kiristocin cikinmu da suka yi auren rajista ba su da matsalar tumuni, amma agogon shekara goma da batun 'yan'uwa da 'ya'yan riƙo duk sun shafe su.

Mai kadara a ƙasa biyu ya fi samun sauƙi in ya yi wasiyya biyu, ɗaya ta kayan can, ɗaya ta kayan Abuja, don kowace kotu ta yi aikinta ba tare da jiran ɗaya ba. Sai dai kusan kowace wasiyya da lauya zai rubuta tana buɗewa da jimlar da ke soke duk wasiyyoyin da suka gabata. In lauyan Abuja bai san da ta Manchesta ba, ta biyu za ta kashe ta farko ba tare da kowa ya lura ba. Kowace ta ambaci ƙasar da ta shafa, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba ta taɓa ɗayar ba, lauyoyin biyu su ga kwafin juna kafin a sa hannu.